Wa Ke Magana da Yawun Kadet Mai Jiran Jirgi?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya turo mini hoton kati ta WhatsApp. Katin shiga ƙungiyar injiniyoyin jiragen ruwa ne, ga sunansa ga lamba, a ƙasa kuma an rubuta matsayinsa: ɗalibi. Sai ga saƙon murya ya biyo baya, ana jiyo hayaniyar abokansa. "Kawu, yau fa mun zama ɗaya da kai. Kuma wallahi ko sisi ban biya ba."

Na sa masa albarka, don ya ci a sa masa. Yaron da ya tashi a garin da babban ruwansa shi ne kududdufin bayan makabarta, yau ga shi yana karatun injin jirgin da ya fi layin gidansu tsawo. Amma da na ajiye wayar, kalmar nan ta "ɗaya" sai ta tsaya mini a wuya. Ni ma na riƙe irin katin nan shekaru da dama da suka wuce, na kuma san iyakar inda yake kai mutum. Zai shigar da kai zaure, ya nuna maka kujera can wajen ƙofa, daga nan aikinsa ya ƙare.

Mutanenmu da yawa in an ce ƙungiya hankalinsu yakan tafi ga ta ƙwadago, masu yajin aiki da rigimar albashi. Wannan daban ce. Ƙungiyar ƙwararru ce, inda masu sana'a ɗaya ke haɗuwa su adana iliminsu, su tantance wanda ya isa a kira shi gogaggen injiniya, su duba manhajar makarantu su ce wannan ta yi, waccan da saura. Wadda ta fi suna a fagenmu ita ce IMarEST da ke Landan, wadda aka kafa a 1889. Tana da rassa a ƙasashe da dama, tana kuma cikin ƙungiyoyin da ake sauraron shawararsu a IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa. Amurkawa suna da tasu, SNAME, tun 1893. Masu zana jirgi na Ingila sun riga su duka, RINA ta faro tun 1860. A nan gida akwai NIMENA, a ƙarƙashin inuwar Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya. Kowacce tana jawo ɗalibai a jika, IMarEST ma kyauta take ba su kati.

Ba zan raina abin da katin ke bayarwa ba, in na yi haka na yi butulci. Akwai ɗakin karatu na intanet, da mujallu, da laccoci, da gasar rubuta maƙala, wani lokaci har da tallafin karatu ga mai rabo. Ni a wata mujallar ƙungiya na fara fahimtar dalilin da ke sa injin tace baƙin mai ya riƙa amai, abin da malami ya yi mako biyu yana zana mana a allo ban gane ba. Sai dai a faɗi gaskiya, kyautar ba sadaka ba ce zalla. Ɗalibin yau shi ne mai biyan kuɗin shekara na gobe, kuma yawan ɗalibai yana ƙawata rahoton ƙarshen shekara. Ciniki ne mai kyau ga kowa, ban ga laifinsa ba. Laifin da nake gani yana wani wuri.

Al'adar da aka gada a irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce a raba 'ya'ya gida biyu, masu ƙuri'a da marasa ƙuri'a, ɗalibi kuma kusan kullum a gida na biyu yake. Na ga yadda hakan ke kasancewa ido da ido a wani taron shekara na wata ƙungiya da nake ciki, wadda ba sai na kama sunanta ba. An ɗebo kadet, wato ɗalibai masu koyon aikin jirgin ruwa, goma sha huɗu daga wata makaranta, an yi musu guga tas, fararen kaya da huluna. Su ne a bakin ƙofa suna nuna wa manya wurin zama. Su ne masu raba robar ruwa, su ne masu gudu da makirfo daga wannan hannu zuwa wancan. Babban baƙo ya tashi ya nuna su ya ce ga manyan gobe, aka yi tafi, aka jera su aka ɗauki hoto. Da aka zo ƙarshen ajanda, inda ake tambaya ko akwai mai wata magana, sai wata yarinya a cikinsu, makirfon na hannunta da ma, ta kai shi bakinta. Muryarta na rawa ta ce tana so ta san abin da ƙungiya ke yi game da kadet da suka gama aji suke zaune a gida ba jirgi. Ta ce yayyensu na shekara biyu baya har yanzu suna jira.

Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Shugaban zama ya yi murmushi irin na uba, ya ce tambaya ce mai kyau, za a duba, amma lokaci ya ƙure kuma abinci na hucewa. Bayan minti biyar aka ce waɗanda ba cikakkun 'yan ƙungiya ba su ba da wuri za a yi zaɓe. Suka fita a layi. Da takardar bayanin taron ta fito bayan wata guda, na karanta ta daga farko har ƙarshe. An rubuta wanda ya yi addu'ar buɗewa da wanda ya yi godiya. Tambayar yarinyar ba ta ciki, tunda a ƙa'ida wanda ba shi da bakin magana bai yi magana ba.

Tambayar nan da ta faɗi ƙasa ita ce babbar magana a rayuwar duk mai karatun injin jirgi a ƙasar nan, don haka bari in tsaya a kanta.

Injiniyan jirgin ruwa ba ya zama injiniya da takardar makaranta kaɗai. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira STCW, wadda aka ƙulla a 1978, aka yi mata gagarumin gyara a 1995, aka sake wani a Manila a 2010. Ita ce ta shimfiɗa cewa kafin a ba mutum takardar riƙe duti a ɗakin inji na jirgin da ƙarfin injinsa ya kai kilowat 750, sai ya yi aƙalla wata 12 na horo tsakanin wurin koyon aikin hannu da zaman teku, a cikin shirin da hukuma ta amince da shi. A ciki dole wata 6 su kasance yana tsayuwar duti a ɗakin inji ƙarƙashin idon cif injiniya ko wani ƙwararren jami'i. Kowane aiki da ya koya a rubuce yake a littafin horo, da sa hannun wanda ya gani. In ba ta wannan hanya ya bi ba, sai ya haɗa wata 36. Babu hanyar kewaye, kuma ni ba na so a samu. Wanda bai taɓa jin yadda ƙarar janareta ke canzawa daƙiƙu kaɗan kafin wuta ta ɗauke a tsakiyar teku ba, bai kamata a bar masa ɗakin inji cikin dare ba.

Matsalar ita ce ina jirgin. A zamanin iyayen gidanmu akwai kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, wanda aka kafa a 1959, a ganiyarsa yana da jirage sama da 20. Kadet na gama aji a makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron, a jihar Akwa Ibom, ya san inda zai dosa. Kamfanin ya durƙushe, aka rufe shi a 1995, makarantu kuwa ba su daina yaye ɗalibai ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. An yi dokar sufurin gaɓar teku a 2003, wadda ta ce jiragen da ke aiki a ruwanmu su zama na 'yan ƙasa kuma 'yan ƙasa su tuƙa su, amma ta bar ƙofar sassauci, ƙofar kuma ta fi ɗakin faɗi. A 2008 NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasa, ta fara shirin tura matasa karatun teku a ƙasashen waje irin su Indiya da Masar da Filifin, jihohi suka shiga, har da namu na arewa. Da yawa sun dawo da digiri suka tarar da katangar nan dai ta zaman teku tana jiransu, jaridu sun sha ɗauko kukansu. In ka cire jiragen dakon iskar gas na kamfanin NLNG da ɗaiɗaikun kamfanoni masu tsari, gurbin kadet abu ne da ake nema kamar ruwa a jallo.

Mai jirgi ma yana da nasa lissafi. Kadet ba ya cikin adadin ma'aikatan da doka ta wajabta wa jirgi. Zai ci abinci, zai tare ɗaki, zai cike gurbi a kwalekwalen ceto, za a biya masa inshora, zai kuma cinye lokacin sakan injiniya, mai bi wa cif, da tambayoyi. Ranar da ya samu takarda kuma yana iya tafiya wani kamfani. Mai jirgin da ba a tilasta masa ba, ko ba a saka masa da wani abu ba, zai ce wani ya horar ni in ɗauka. Ingila ta gane haka. Da ta fito da sabon tsarin harajin jirage a 2000, sai ta ɗaura masa sharaɗi: kamfanin da ke son rangwamen sai ya ɗauki sabon kadet ɗaya kowace shekara a kan kowane guraben jami'ai 15 da yake da su. Irin wannan dabara ba daga sama take faɗowa ba, sai an sami masu ɗaukar takarda su yi ta sintiri ofisoshin gwamnati har a gaji da su. Wa ya fi ƙungiyar injiniyoyi dacewa da wannan sintiri? A cikin zaurenta ne manajojin fasaha na kamfanoni suke zaune, da masu jarraba kadet, da shugabannin sassa na makarantu, da tsofaffin jami'an hukuma. Duk wanda ke da mabuɗin ƙofar nan yana cikin ɗakin. Wanda aka kulle a waje ne kaɗai ba ya nan.

Ni na yi wata 26 ina jira. Na yi gyaran janareta a wani lungu a Legas, ina kwana a shagon wani ɗan garinmu mai sayar da taya, kullum da safe in saka riga mai tsabta in bi ofisoshin kamfanoni da fayil a hammata. Masu gadi har sun san ni, wani yakan ce "Malam Injiniya, yau ma Oga bai shigo ba," alhali ga motarsa a fake. Takardar lafiyar ma'aikacin teku shekara biyu take yi ta mutu, tawa ta mutu ban taɓa taka jirgi da ita ba, na ci bashi na sake wata. Darussan kare kai, na kashe gobara da tsira a ruwa, su ma yanzu duk shekara biyar ake sabunta su, to wanda jiransa ya yi tsawo zai biya sau biyu kafin ya karɓi albashin farko. A tsakiyar wannan hali wasiƙa ta zo mini daga ƙungiya, cikin ladabi, cewa tunda na kammala karatu matsayina na ɗalibi ya ƙare, in biya kuɗin mataki na gaba. Na yi dariya ni kaɗai a shagon taya. Lokacin da na fi bukatar ƙungiya shi ne lokacin da na faɗo daga littafinta. Makaranta ta sallame ni, kamfani bai ɗauke ni ba, ƙungiyar ƙwadago ba ta san da ni ba tunda ba ni da aiki. Ba mugunta ce ta sa aka tsara abin haka ba. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar sun fito daga zamanin da ake sauka daga aji a hau jirgi, kuma babu mai jira ko ɗaya a teburin da zai ce musu zamani ya juya.

Na kai wannan magana gaban wani dattijo, tsohon cif injiniya da na yi aiki a ƙarƙashinsa, mutumin da har gobe in na gan shi sai na rusuna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yanzu so kake yaron da bai taɓa zaro fiston ba ya zaɓa mini shugaba?" Ya ce a jirgi ba a ƙuri'a. In ruwa ya fara shigowa ɗakin inji, cif ya ce a rufe bawul kaza, rufewa ake yi, mai neman a ji ra'ayinsa shi ke kashe mutane. Ya ce sana'ar nan a kan biyayya aka gina ta, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ƙara da cewa ɗalibi baƙo ne, shekara uku ko huɗu ya wuce, ƙungiya kuwa ta haura shekara ɗari ana gadonta.

Rabin maganarsa gaskiya ce, ban kuma yi masa musu a kanta ba. Ba na neman a sa ɗalibi a kwamitin da ke tantance wanda ya cancanci lambar ƙwarewa, ko wanda ke hukunta injiniyan da ya yi sakaci. Wannan aikin waɗanda suka ga jiya ne. A jirgi kuma ni ma ba na karɓar gardama daga kadet a lokacin aiki. Amma na ce masa, "Cif, Allah ya ƙara girma, zauren taro ba ɗakin inji ba ne." A zaure ba a rufe bawul. Ana yanke shawara ne kan inda kuɗin ƙungiya zai tafi, da abin da za a je a faɗa wa minista, da makarantar da za a sa wa hannu. A kan waɗannan, akwai abin da yaro ya sani wanda babba ba shi da hanyar sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In tawagar tantancewa ta je makaranta, za a nuna mata injin koyarwa an goge shi yana sheƙi. Ɗalibi ne ya san ko an taɓa tayar da shi tun da ya shigo aji ɗaya. Shi ya san wane dillali ne ke karɓar kuɗin iyaye da sunan samar da gurbi ya ɓace. Shi ya san jirgin da ake ɗaukar kadet a mai da shi mai wanke kwanuka wata shida, a ƙarshe a sa masa hannu a littafi kan ayyukan da bai taɓa gani ba. Wannan na ƙarshe ya kamata ya hana kowane cif barci, domin yaron nan da littafin ƙarya shi ne zai riƙe masa duti bayan shekara biyu.

Na kuma tuna masa tarihin da ya fi ni sani. Lokacin da injin tururi ya shigo jirage, jami'an sama masu tuƙi kallon maƙera suke yi wa mutanen ƙasa masu baƙin mai a farce. Sai a 1862 dokar Ingila ta fara ba injiniyoyin jiragen kasuwanci takardar ƙwarewa tasu. Waɗanda suka taru a gabashin Landan a 1889 suka kafa ƙungiyar da yau ake kira IMarEST mutane ne da suka gaji da a yanke musu hukunci a teburin da ba su da kujera. Da Titanic ya nutse a watan Afrilun 1912, injiniyoyinsa sun tsaya a ƙasa suna riƙe da wuta da famfuna don na sama su sami damar tsira, ko ɗaya a cikinsu bai fita ba. Asusun da ƙungiyar ta buɗe don iyalansu shi ne ya zama gidauniyar jinƙanta da ke aiki har yau. Gidan da aka gina a kan neman kujera da kula da na ƙasa, bai dace a ce shi ke korar ƙananansa waje in an zo zaɓe ba.

Ba kuma baƙon abu nake kawowa ba. SNAME tana da kwamitin ɗalibai da ɗaliban ke tafiyarwa da kansu, ban da rassan da take da su a jami'o'i. Babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki, IEEE, ta ba ɗaliban da ke karatun gaba da digirin farko damar jefa ƙuri'a, rufin bai faɗo ba.

Sai dai akwai wakilcin da gara babu shi, na kuma gan shi. Shi ne a ce shugaban sashe ya zaɓo yaro mai ladabi, mai kyan Turanci, a ɗora shi a gefen teburi a kira shi wakilin ɗalibai. Ba zai taɓa cewa uffan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ku duba halin da yake ciki. Mutumin da ke damansa shi zai duba takardar jarrabawarsa. Na hagunsa shi ne manajan kamfanin da yake fatan ya ɗauke shi. Na gabansa wataƙila shi zai yi masa jarrabawar baka ranar neman takarda. Duniyar teku ƙarama ce, suna ɗaya in ya ɓaci ya ɓaci daga Legas har Fatakwal. Ga 'yan mata abin ya ninka, domin akwai abubuwan da ke faruwa da kadet mace a jirgi, ita kaɗai cikin maza ashirin, wata da watanni ba tudu, waɗanda ba za ta iya faɗa da sunanta ba muddin littafinta na jiran sa hannun wanda take ƙara. Ɗan amshin shata a irin wannan kujera illa yake yi, don yana ba manya damar cewa ai mun ji daga ɗalibai.

Saboda haka in za a yi, a yi mai haƙori. Ɗalibai su zaɓi nasu da kansu, a asirce, ta waya ma ya isa, malami ko shugaban reshe ba shi da hannu. Kujerun su zama biyu a majalisar zartarwa, da cikakkiyar ƙuri'a, da ikon sa magana a ajanda yadda dole a rubuta ta a kuma ba da amsarta a zama na gaba. Ɗaya ta mai zaman aji, ɗayar kuma ta wanda ya gama yana jiran jirgi, wannan ta biyun ita ce ta fi damuna. Kada wa'adinsu ya ƙare tare, don sabo ya tarar da tsoho ya nuna masa inda aka kwana, wannan ya amsa kukan Cif na cewa ɗalibi baƙo ne. Katin kyauta kuma ya ci gaba da aiki har ranar da mutum ya karɓi takardarsa ta farko, ba ranar da ya bar makaranta ba. A kuma biya wa wakili kuɗin mota da masauki. Wannan kamar ƙaramar magana ce, amma tarukan nan a Legas da Fatakwal ake yin su, yaron da ya koma gida Gusau ko Potiskum yana jira ba shi da kuɗin zuwa, in ba a biya ba kujerar ta zama ta 'ya'yan masu hali da ke kusa da teku.

Abu ɗaya da zan so wakilan nan su fara da shi shi ne ƙidaya. Kowace shekara ƙungiya ta tambayi ɗalibanta da suka gama: wa ya samu jirgi, bayan wata nawa, wa ya haƙura ya koma sayar da kati ko tuƙa Keke. A haɗa ba tare da sunaye ba, a buga a rahoton shekara kusa da hoton liyafar cin abinci. Yanzu kowa da ƙiyasinsa yake magana, shi ya sa kowa ke iya cewa ana ƙoƙari. Ranar da lamba ta fito a takarda mai hatimin ƙungiya, kamfanin da ke ɗaukar nauyin taro ya zo a karrama shi, za a sami mai tambayarsa kadet nawa ya ɗauka bana.

Na san abin da wasu ke tsoro, ni ma ina tsoronsa. Mun ga yadda siyasar ɗalibai ta koma a jami'o'inmu: kwamared da jerin mataimaka, da neman alawus, da ziyarar ban girma gidan gwamnati. Ba na so a kwaso wannan a kawo mana. Amma maganinsa a cire romo daga kujerar, ba alawus ban da kuɗin mota da masauki, a kuma wajabta wa wakili ya koma ya karanta wa waɗanda suka zaɓe shi abin da ya yi. Kujerar da babu abin lasa a cikinta sai aiki, masu neman suna da kansu za su kauce mata. In ma an yi rashin sa'a wata shekara aka zaɓi shashasha, to manya ma sun sha zaɓar nasu, ba a ce a rushe majalisa ba.

Ga kuma lissafin shekaru. Tun 1 ga Janairun 2020 IMO ta rage sinadarin farar wuta da aka yarda da shi a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, a 2023 kuma ƙasashe suka amince jiragen ruwa su kai ga daina ƙara wa sararin sama hayaƙi mai ɗumama duniya wajen shekarar 2050. Ana ta gina jirage masu aiki da iskar gas da metanol, ana gwajin amoniya, wadda shaƙarta kaɗai kan kashe mutum. Mu da muke zaune muna muhawara kan manhajar da za ta dace da wannan zamani, a 2050 wanda ke raye a cikinmu yana gida da sanda. Ɗan yayata ne zai kasance cif a ɗakin injin nan.

Na rubuta shawarar a takarda na miƙa wa sakataren reshenmu. Ƙa'ida ta ce sai an sami cikakken ɗan ƙungiya na biyu ya mara mata baya kafin ta shiga ajanda, na kuwa yi mako uku ina bin abokai, kowa na cewa magana ce mai kyau amma a bari a ga yadda manya za su ɗauke ta. Ran nan da dare, wajen ƙarfe goma, sai ga kiran Cif. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya ce zai sa hannu, amma kujera ɗaya ya yarda da ita, ba biyu ba, kuma kada in sa rai zai yi magana a zauren. Na yi godiya. Har zan ajiye sai ya ce, "Af, yarinyar nan mai makirfo, nemo mini lambarta. Akwai wani yarona da ke kula da jiragen wani kamfani, na yi masa magana, ya ce a turo ta."

Na nemo, na tura. Ta hau jirgi bayan Babbar Salla, ta turo mini hoto da kayan aiki duk baƙin mai, tana dariya, sifana a hannu. Na nuna wa ɗan yayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kawu, sauran sha ukun fa?"